Kwalbar Baba Safiyo

Duk unguwar nan Baba Safiyo ake ce masa, alhali bai taɓa zama safiyo, wato jami'in awon ƙasa, ba ko na wuni ɗaya. Shi dai mai riƙe bakin tef ne. Shekara talatin da biyar ya yi a ofishin filaye, safiyo na tsaye da malafarsa yana leƙen na'ura, shi kuma yana can cikin ƙaya da ciyawa, ya ja tef, ya kira lamba, ya haƙa rami, ya dasa turken siminti na iyaka. Ka ce masa safiyo ba ya musu, ka ce masa lebura ba ya fushi. Amma ka kuskura ka ce awonsa da kuskure, to ranar za ka san ashe tsohon yana da baki.

Awo ya shige masa jini. Ko dubiya ya je asibiti, kafin ya ce "ya jiki" ya riga ya san ɗakin ƙafa goma sha biyu ne da goma sha huɗu. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce da shi, "Kai ko a kabari sai ka ce an rage maka inci biyu."

Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai a wajen aiki. Tun shekarunsa na farko ya lura cewa turke yana da ƙafa. Ka dasa shi nan, ka dawo bayan damina biyu, ka tarar ya yi tattaki zuwa filin maƙwabci, kuma kowa ya rantse bai ga tafiyarsa ba. Shi ke nan sai ya riƙa ƙara wa raminsa zurfi kamar kamu ɗaya. Can ƙasa ya kwantar da kwalba cike da gawayi, ya mayar da ƙasa, ya daɓe, sannan ya aza turke a kai. Mai sauya turke a gurguje yake, ba ya tsayawa tono. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya, suna cewa ga mai shuka kwalabe nan, Allah ya kawo ranar girbi. Ranar girbin kuwa ta zo har sau uku, alƙali ya sa aka tona, kwalba ta raba gardamar da lauyoyi suka shekara suna tafkawa. Daga nan masu dariya suka koma tara masa kwalabe.

Filin mahaifinsa ma shi ya dasa wa turaku. Lokacin yana ɗan shekara ashirin da biyu, uban kuwa kafinta ne, ya yi shekaru yana tarin kuɗin filin. Ƙafa hamsin ta bakin titi, ɗari zuwa baya. Uban ya tsaya da zartonsa a hannu yana kallon ɗansa yana kiran lamba a gaban manya, bakinsa har kunne. A gefen hagu aka bar hanya mai faɗin ƙafa shida, ta maƙwabtan da ke baya, wani mai gyaran agogo da matarsa mai ɗinki, don gidansu ba shi da wata mafita sai nan.

Bayan haka aka tura shi aiki nesa, ya yi shekara takwas. Ranar da ya dawo da matarsa da 'yarsu a goye, uban ya kama hannunsa ya kai shi gefen hagu na gidan. Sabon ɗaki ne fes, da ƙofar katako da uban ya sassaƙa da hannunsa, da taga mai kallon titi.

"Naka ne," in ji uban. "Ɗana ba zai zauna gidan haya ba ina da rai."

Ya shiga ɗakin, ya taka daga wannan bango zuwa wancan. Tun kafin ya fito ƙafarsa ta gaya masa. Ya zagaya waje, ya ga turke a gindin sabuwar katanga, tsaf kamar nan aka haife shi, ya ga hanyar maƙwabta ta koma ƙafa biyu, sai mutum ya karkace yake wucewa. Ƙafa huɗu na ɗakin nan ba nasu ba ne. Ya juyo zai yi magana, sai ya ga hannun uban duk kanta, ga murna fal a fuskarsa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Abin da ya iya faɗa ke nan.

Shekara talatin da bakwai ya kwana a ɗakin nan. Mutumin da ya kunyata masu satar iyaka a gaban alƙali, ga shi kansa na kan matashi a filin wani. Da farko ya ce bari Baba ya huce da murna. Da uban ya rasu, ya ce ai Inna na nan, ba zai ɗaga mata hankali ba. Mai gyaran agogon mutum ne mara hayaniya, har ya koma ga Mahaliccinsa bai ce uffan ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo Mai Ɗinki, ta ci gaba da karkacewa tana wucewa da ƙunshin yadinta. Da tsufa ya kama ta ƙafafu suka ƙi, jikokinta suka sayo mata kujera mai taya, sai kujerar ta ƙi shiga hanyar. In za a kai ta asibiti sai an ɗauke ta cak kamar buhu, ita kuwa ta tsani haka, sai ta daina fita. Baba Safiyo yakan ji tarinta ta bayan bango. Wallahi abin yana cin sa, amma cin rai bai taɓa mayar da katanga baya ba.

Da Inna ta rasu, maganar gado ta taso. Su uku ne magada: shi, da ƙanwarsa Nas, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya tana zaune a gidan haya, da autansu Direba, mai 'ya'ya bakwai da tsohuwar mota. Gida ɗaya ba ya rabuwa uku, sai aka tsayar da shawara a sayar a raba. Shi zai koma wurin 'yarsa.

Su a zatonsu sayar da gida kamar sayar da akuya ne, a yi ciniki a miƙa igiya. Lauya ce ta wayar musu da kai. Ta juya takardar mallaka ta ce, "Wannan har yau da sunan mahaifinku take. Mamaci ba ya sa hannu. Sai kotu ta ba ku takardar da ta ce ku ne magada, sai ofishin haraji ya ba da shaidar ba a bin gidan komai, sai a sabunta awo, sannan a juya suna. Kafin nan duk wanda ya karɓi kuɗin wani ya jawo wa kansa."

Direba ya ce, "Ranki ya daɗe, gidan ubanmu ne fa."

"Ni na yarda," in ji ta. "Takarda ce ba ta san ku ba."

Wata huɗu suna zarya. Je ka wancan tebur, dawo jibi, mai hatimi ya fita. A ofishin haraji ne Baba Safiyo ya fitar da su kunya. Ya dire wata tsohuwar gwangwanin biskit a gaban akawu, rasit na harajin fili jere shekara bi shekara, an ɗaure da zare, babu wadda ta yi tsalle. Akawun ya cire tabarau ya ce tun da ya kama aiki bai ga irin wannan ba. Tsoho ya fito yana taku ɗai-ɗai, Nas tana cewa, "Yaya, a hankali, kada ka fasa musu daɓe."

Dillali ya kawo mai saye, wani mai kantin kayan gini da ke son rushe gidan ya jera shaguna. Saura sabon awo.

Safiyon da aka turo yarinya ce, ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, da wata na'ura a kan sanda. Ba tef, ba kiran lamba. Ta aza sandar a kan turke, na'ura ta yi ƙara, ta wuce na gaba. Kafin shayi ya huce ta gama.

"Takarda ta ce hamsin, ƙasa ta ce hamsin da huɗu," in ji ta.

Dillali ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! Shago huɗu za su fito ke nan maimakon uku. Farashi ya tashi."

Direba ya washe baki. Nas ta tambaya, "To 'yar nan, yaya aka yi haka?"

"Ba abin mamaki ba ne, Mama. Awon zamanin da ai kintace ne. Tef ya saki, mai riƙewa ya gaji, a rubuta abin da aka ga dama. Kullum muna gyara irinsa. Maƙwabciya za ta dangwala hannu cewa ta yarda iyakar ke nan, sai a fitar da sabuwar takarda da hamsin da huɗu."

Ba ta san da wa take magana ba, baiwar Allah. Baba Safiyo yana zaune a kan benci, ya ji maganar ta sauka masa a ƙahon zuciya. Mai riƙewa ya gaji! Shi? Ya buɗe baki, ya tuna abin da zai biyo baya in ya yi magana, ya rufe.

Washegari ya je wurin lauya shi kaɗai. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokinsa ne ke tambaya. Lauya ta bar shi ya gama, ta ce, "Baba, ka gaya wa abokin naka, wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, ko bayan shekara goma ana iya maka shi a kotu. Amma in maƙwabciya ta sa hannu aka buga hatimi, magana ta mutu. Ita da jikokinta sun yi sallama da wurin har abada."

Har abada. Da can yana ce wa kansa wata rana za a gyara. Yanzu wata ranar ta zo ƙarshe, don da ya dawo gida ya tarar da Direba da takarda da ɗan akwatin tawada, zai shiga wurin Gwaggo.

"Auta, dakata," in ji shi. "Kira min yayarka."

A tsakar gida ya gaya musu, bai ɓoye komai ba, har da shirun da ya yi shekara talatin da bakwai. Direba ya miƙe tsaye.

"Yaya, kana cikin hankalinka kuwa? Tsohuwar nan ta ce maka tana so? Ta taɓa kai ƙara? Wata huɗu muna cin ƙurar ofisoshi, sai da abinci ya zo baki za ka ture?"

"Ba namu ba ne."

"To Baba ɓarawo ne ke nan? Faɗi mana! Mutum yana kabarinsa za ka tone masa asiri don wata yarinya ta ce tef ɗinka ya saki. Girman kai ne kawai, ba wani tsoron Allah ba."

Maganar ta soke shi, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ya ce, "Ban ce babu girman kai ba. Amma Baba don ni ya yi. Ni na kwana a ciki, ba ku ba. In na bari aka buga hatimi, na ɗora masa kayan da ba zai iya saukewa ba, ni kuma ina da hannun sauke masa."

Nas tana share hawaye da bakin mayafi. Ita ta fi kowa buƙatar kuɗin nan, kowa ya sani. Ta ce, "Yaya, ka tabbata? Shekara arba'in da biyar fa da awon nan. In kai ne ka yi kuskuren fa?"

"Gobe da safe ku zo. A kira yarinyar, a kira dillali."

Da hantsi kowa ya hallara. Ya fito da tsohon tef ɗinsa na ƙarfe daga jakar fata, ya ba Nas baki ta riƙe a kan turken dama, yau ita ce lebura. Ya ja ta bakin titi, ya yi alama, ya shiga da layi ta ƙofar ɗakinsa. Hamsin ta faɗi a cikin ɗaki, kusa da bangon gaba, daidai inda ƙafar gadonsa take. Ya ja gadon gefe, ya zana da'ira da alli, ya ɗauki diga.

Ɗan shekara sittin da bakwai yana fasa daɓen da ubansa ya zuba. Safiyo ta ce a nemo masu ƙarfi, ya ce a'a, wanda ya binne shi zai tone. Ya haƙa kamu ɗaya, babu komai. Ya ƙara rabi, jar ƙasa kawai. Gumi ya jiƙa masa riga, numfashi na fita da ƙyar. Dillali ya duba agogo. Direba na jingine da ƙofa ya ce, "An fasa ɗaki a banza. Sai a ƙara da kuɗin siminti."

Nan fa tsoro ya kama shi. Ko Baba ya san da kwalbar ya cire? Ko kuwa da gaske tef ɗin ya saki, shekara talatin da bakwai yana zargin ubansa a kan ƙarya? Bai san wanne ya fi so ba. Sai ya tuna an yi ciko kafin a zuba daɓe, ƙasar ta ƙaru. Ya ajiye diga, ya durƙusa, ya ci gaba da ɗan shebur a hankali. Nas ta miƙo masa ruwa, ya girgiza kai.

Ƙarar gilashi ce ta fara, 'yar siririya. Ya zura hannu har kafaɗa, ya share ƙasa da yatsu. Koriyar kwalba, kwance yadda ya kwantar da ita, gawayinta baƙi ƙirin.

"Kada a taɓa," in ji shi. "'Yar nan, kawo sandarki."

Ta saka sandar a ramin, na'ura ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ɗago kai a hankali.

"Hamsin cif. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba." Ta rusuna. "Baba, wa ya yi awon nan?"

"Wanda ya gaji," in ji shi.

Ta rufe baki da hannu. "Don Allah ka yafe ni. Na janye maganata."

Yana durƙushe a bakin rami, ƙasa har gira, daɗi da baƙin ciki suka haɗu masa. Awonsa ya fita daga zargi, ubansa kuma ya shiga. Ya yi kuka, bai ɓoye ba. Direba ya juya ya fice.

Gaskiya ta yi tsada, ba za a ce ba ta yi ba. Mai kanti ya ce shago uku ba huɗu ba ne, ya zabge farashi. Aka sake jiran wata biyar kafin sabuwar takarda ta fito da hamsin ɗinta. Nas ta haƙura da gida mai ɗaki biyu, ta sayi mai ɗaki ɗaya, ta ce ko ba komai za ta yi barci da ido biyu rufe. Direba ya daina gaishe shi, in sun haɗu a ofishin lauya sai ya kalli silin. Tsoho ya ce a bar shi, ɗan'uwa rabin jiki ne, zai dawo.

Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya sa hannu: a rushe katangar a mayar da ita wurinta tun gidan yana hannunsu, kada a bar wa baƙo. Ya cire ƙofar da uban ya sassaƙa ya ajiye, ita kaɗai ya ɗauka daga ɗakin. Ranar rushewa ana cikin kwasar ɓaraguzai sai ga Direba ya faka motarsa, bai yi sallama ba, ya tuɓe riga ya ɗauki shebur. Aka ci gaba da aiki tare da shi.

Da aka share wuri, Baba Safiyo ya mayar da kwalbar raminta, ya daɓe, ya aza turke a kai. Safiyo tana tsaye tana kallo, ta ce daga yau ita ma za ta riƙa yawo da kwalabe a mota. Sannan ya wanke hannu, ya sa hula, ya bi hanyar nan mai ƙafa shida zuwa gidan baya. Rabonsa da shiga gidan ya fi shekara ashirin, kunya ta hana shi.

Gwaggo Mai Ɗinki tana zaune a kujerarta a ƙofar ɗaki, ta tsufa tukuf, amma idon nan tar. Ya durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, na zo neman gafara. Ni da Baba."

"Wane ne? Ɗan kafinta?" Ta ƙare masa kallo. "Ka yi furfura."

"Hanyarku ce muka ci, ƙafa huɗu. Na sani tun ranar da na dawo, na yi shiru."

"Yo ni ban sani ba? Shekara nawa ina auna yadi? Tun ranar da aka aza tubalin farko na ce wa mai gidan nan ya je ya yi magana. Ya ce in bari, yaron da ya yi awon nan ba ya cin ƙasar mutane, in ya dawo zai gyara." Ta yi ƙwafa. "Ya mutu yana cewa za ka gyara. Ni kuwa na ce lallai wannan ma'aikacin gwamnati ne na gaske, ƙafa huɗu shekara talatin da bakwai."

Jikokinta suka fashe da dariya. Shi bai iya ba, kansa na ƙasa.

"Tashi, ɗan nan, gwiwarka ba ta yara ba ce. Na yafe wa ubanka tuntuni, mutumin kirki ne, son ɗa ne ya rufe masa ido. Kai kuwa sai ka biya."

"Faɗi, Gwaggo."

"Tura ni. Shekara uku ban ga titi ba."

Ya kama kujerar ta baya. Suka shiga hanyar, taya na gurzar sabuwar ƙasa, sarari ta dama, sarari ta hagu. Gwaggo ta buɗe hannuwanta biyu, yatsunta ba su taɓa bango ba. Direba ya janye shebur ya ba su hanya, ya cire hula. A bakin titi, daidai turke, ta ce ya tsaya. Ta kalli motoci, ta kalli mutane, ta ja iska ta cika ƙirji.

"Nawa ne yanzu?" in ji ta.

"Shida, Gwaggo."

"Ka tabbata?"

Baba Safiyo ya gyara hularsa.

"Ni na auna."